Babi na Shida: Bidiyon da Tsohuwar Laftof Za Ta Iya Ɗauka

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai, malaman makaranta da masu shagon turin fina-finai a ƙasar Hausa ba sababbi ba ne. Na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka shigo da su ta Legas ko Kwatano, suka iso kasuwannin Kano, Kaduna, Sakkwato da Maraɗi. Za ka tarar da waɗanda aka ƙera tun 2011 ko 2012 suna nan daram, ana buga takardu da su, ana shiga intanet, ana cike fom ɗin jarrabawa. Amma da an kunna musu wani bidiyon sai lamari ya canza. Hoto ya tsaya cak murya ta wuce, bakin mai magana ya riƙa motsi bayan an gama jin abin da ya faɗa, fanka ta kama kuka, ƙasan na'urar ya ɗauki zafi har ya dami cinya. Mai ita ya kai wa mai gyara, a ce masa, “Ai Malam, ta tsufa,” ko a ce a ƙara mata RAM, ko a sake mata Windows. Ya biya kuɗi ya dawo gida, bidiyon nan dai yana nan yana maƙalewa.

Sau da yawa laifin ba na kwamfutar ba ne, na yadda aka matse bidiyon ne. Laftof ɗin da ta kasa kunna fim mai nauyin megabait 400 tana iya kunna wannan fim ɗin dai sumul idan ya zo da nauyin megabait 800. Wannan kan ba mutane mamaki, domin kowa ya ɗauka ƙaramin fayil shi ne mai sauƙi. A harkar bidiyo, ƙanƙantar fayil sayenta ake yi, kuma na'urar mai kallo ce take biya da guminta.

Me ya sa dole a matse bidiyo?

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri, galibi 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Hoton da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla ɗigo 2,073,600. Idan kowane ɗigo ya ci bait uku domin bayyana launinsa, hoto ɗaya ya haura megabait shida. A ninka sau 25, daƙiƙa ɗaya ta cinye kusan megabait 155, awa ɗaya kuwa wajen gigabait 560. Ke nan da ba a matse bidiyo, wa'azin awa guda ya fi ƙarfin ma'ajiyar laftof mai gigabait 500 gaba ɗayanta. Duk bidiyon da ka taɓa kallo a waya ko a kwamfuta matsattse ne, an rage shi ninki ɗari ko fiye.

Dabaru biyu ne ƙashin bayan wannan aiki. Ta farko a cikin hoto ɗaya ake yin ta. Ana yanka hoton gida-gida, a yi wa kowane gida wani lissafi da ke ware abin da ido ke lura da shi daga abin da ba ya lura da shi, sai a zubar da na biyun. Wani injiniya ɗan asalin Indiya, Nasir Ahmed, shi ya kawo wannan lissafi da ake kira DCT yana Jami'ar Jihar Kansas a Amurka, aka wallafa shi a 1974. Har gobe a kansa hotunan JPEG da manyan tsare-tsaren bidiyo suka dogara.

Ta biyu a tsakanin hotuna ake yin ta. Ɗauki malamin da ke zaune yana karatu, bayansa bango ne da labule. A cikin hotuna 25 na daƙiƙa guda bangon bai motsa ba, labulen bai motsa ba, bakin malam da hannunsa kawai suka sauya. Saboda haka sai a ajiye cikakken hoto ɗaya, waɗanda ke biye da shi kuwa a rubuta bambanci kawai: wannan gida yana nan yadda yake, wancan ya gusa dama da ɗigo huɗu. Akwai ma hotunan da ake gina su daga na gabansu da na bayansu a lokaci guda. Abin nufi shi ne, mafi yawan hotunan da kake gani babu su a cikin fayil ɗin a cike. Kwamfutarka ce take sake ƙera su nan take, kuma tana da kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ta gama kowane ɗaya. Idan ba ta gama a kan lokaci ba, sai ta tsallake wasu, ko ta tsaya ta jira. Wannan shi ne maƙalewar da kake gani. Murya kuwa aikinta kaɗan ne, shi ya sa take wucewa ta bar hoto a baya.

Daga faifan VCD zuwa AV1

Tsarin da ake bi a matse bidiyo a kuma warware shi ana kiransa kodek, kuma kowane zamani da nasa. Waɗanda suka ga lokacin da fina-finan Hausa suka bar kaset suka koma faifan VCD sun yi mu'amala da MPEG-1 ko ba su san sunansa ba. Hotonsa ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu. DVD ya zo da MPEG-2. Sai a 2003 aka kammala H.264, wanda kuma ake kira AVC, aikin haɗin gwiwa tsakanin masana na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ƙungiyar MPEG. Shi ne ya mamaye duniya: faifan Blu-ray, kyamarori, wayoyi, YouTube, tauraron ɗan'adam.

Bayan shekara goma, a 2013, magajinsa H.265 ko HEVC ya fito, da burin ba da hoto mai kyau iri ɗaya a rabin nauyi. A shekarar ce kuma Google ya fitar da VP9. Kuɗin lasisin HEVC da rikicin masu haƙƙin mallakarsa suka sa manyan kamfanoni irin su Google, Netflix, Amazon, Microsoft, Intel da Mozilla suka haɗa kai a 2015, suka fitar da AV1 a 2018, wanda ba a biyan kuɗin amfani da shi, kuma ya fi su duka iya matsewa.

Kowane sabon kodek yana samun ƙanƙantarsa ne ta hanyar ƙara yawan lissafi. H.264 yana yanka hoto gidaje masu ɗigo 16 sau 16. HEVC yana kai wa 64 sau 64, sannan ya sake rarraba kowane gida yadda ya dace da abin da ke cikinsa. AV1 yana kai wa 128 sau 128, da hanyoyin hasashe masu yawan gaske. Kamar ɗaurin kaya ne a tasha: gwanin ɗauri zai tattare kayan da suka cika ɗaki su koma ƙunshi ɗaya, kuɗin mota ya ragu, amma wanda aka aika wa shi zai sha fama da ƙulle-ƙullen igiya kafin ya ga abin da ke ciki. In mai ƙarfi ne, ba komai. In tsoho ne, an ɗora masa wahala.

Ma'aikacin ɓoye da ke cikin furosesa

Da a ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ce kaɗai ke wannan aiki, da batirin waya ba zai kai ƙarshen fim ɗaya ba. Masu ƙera na'urori sun daɗe da gane haka, sai suka riƙa gina wani ɗan sashe na musamman wanda ba ya aikin komai sai warware bidiyo. Yana yin sa da sauri, da wuta kaɗan, ba tare da zafi ba. Sai dai wannan sashe a jikin ƙarfe aka zana shi tun daga masana'anta. Kodek ɗin da ya sani ranar da aka ƙera shi, shi zai sani har ƙarshen rayuwarsa. Babu manhajar da za ka sauke ta koya masa sabo.

A nan ne shekarar ƙira take da muhimmanci. A furosesocin Intel, waɗanda su ne a cikin mafi yawan laftof na hannu, tsara ta biyu da ta fito a 2011 tana warware H.264 ba tare da wata damuwa ba, har wasu da suka girme ta ma suna yi. Cikakken goyon bayan HEVC bai zo ba sai a tsara ta shida, a 2015, kuma na mai zurfin launi bit 8 ne kawai. Tsara ta bakwai ce ta ƙara HEVC mai bit 10 da kuma VP9. AV1 kuwa sai tsara ta goma sha ɗaya, a 2020.

Gane tsarar taka ba wuya. Danna dama a kan “This PC” ko “Computer”, ka zaɓi “Properties”, za ka ga sunan furosesa. Daga tsara ta biyu zuwa ta tara, lambar farko bayan ɗan karan tsakiya ita ce tsara. Idan ka ga i5-2520M, irin wadda ke cikin ThinkPad T420 da EliteBook 8460p, tsara ta biyu ce. i5-3320M ta uku ce, i5-6300U ta shida. Daga tsara ta goma ne ake karanta lambobi biyu na farko. Mutane da yawa kan tsaya ga kalmar i5 ko i7 wajen saye, alhali a maganar bidiyo i3 ta tsara ta bakwai ta fi i7 ta tsara ta uku, domin tana da ma'aikacin da waccan ba ta da shi.

Kana iya ganin bambancin da idonka. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka buɗe shafin da ke nuna aikin furosesa, sannan ka kunna bidiyon H.264. A laftof ta 2012 za ka ga layin yana kwance can ƙasa, fanka shiru. Rufe shi ka kunna na HEVC mai girman 1080p. Layin zai tashi ya doshi rufi, bayan ɗan lokaci fanka ta fara huci, iska mai zafi ta riƙa fitowa ta gefe. Aikin da ɗan sashen nan bai iya ba ne ya koma kan furosesa, ta ajiye komai ta kama shi.

Sunan fayil ba ya faɗin gaskiya duka

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar MP4 a matsayin kodek. MP4, MKV da AVI mazubai ne kawai, suna riƙe hoto da murya da rubutun fassara wuri ɗaya. Fayil biyu na iya ƙarewa da .mp4, ɗaya H.264 ne a ciki, ɗaya HEVC. Saboda haka mai shagon turi da ya ce maka “ai MP4 ne, ko'ina yana yi” bai yi ƙarya da gangan ba, amma bai ba ka amsa ba. Haka kuma sauya ƙarshen sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 ba ya canza abin da ke ciki.

Hanya mafi sauƙi ta leƙa ciki ita ce manhajar VLC, wadda ɗalibai suka faro a wata makarantar injiniyanci a Faransa, kuma kyauta ce. Kunna bidiyon ka danna Ctrl da J, za ta nuna maka kodek, girman hoto da yawan hotuna a daƙiƙa. Tun kafin ka sauke fayil ma, sunansa kan tona asiri. In ka ga x264 ko AVC, naka ne. In ka ga x265, HEVC, AV1, 10bit ko 2160p, tsohuwar laftof ta yi hattara. Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani: ana samun H.264 mai bit 10, kuma shi kusan babu na'urar da sashenta na musamman ke warware shi, don haka sunan H.264 kaɗai bai wadatar ba, sai an tabbatar mai bit 8 ne.

Abin da ya kamata a zaɓa

Ga duk laftof da ta girmi 2015, zaɓin da ba ya ba da kunya shi ne H.264 mai bit 8, a girman 720p, hotuna 25 ko 30 a daƙiƙa, murya a tsarin AAC, duka a cikin MP4. Wannan haɗi yana buɗewa a Windows 7 ba tare da an sauke komai ba, yana yi a ƙananan wayoyin Android, yana yi a mafi yawan talabijin masu ramin filashi.

Dalilin 720p a bayyane yake. Allon mafi yawan waɗannan laftof ɗigo 1366 ne sau 768. Idan ka ba ta 1080p, sai ta warware ɗigo sama da miliyan biyu a kowane hoto, sannan ta sake rage su domin su shiga allon da bai kai haka ba. Hoton 720p ɗigo 921,600 ne, bai kai rabin wancan ba, kuma ido ba zai ga bambanci a wannan allo ba. Bidiyon 4K kuwa ninki huɗu ne na 1080p, ɗora shi a kanta zalunci ne. Haka bidiyo mai hotuna 60 a daƙiƙa ninka aiki ne. Yana da amfani a wasan ƙwallo, amma darasi ko wa'azi ko bikin aure ba sa buƙatarsa.

Nauyin ma ba abin tsoro ba ne. Idan aka ba hoto megabit ɗaya da rabi a daƙiƙa, murya kilobit 128, awa ɗaya wajen megabait 730 ce kawai. Darasin da malami ke tsaye gaban allo yana iya yin ƙasa da haka sosai, tunda motsi kaɗan ne a ciki. Kuma ya yi nesa da iyakar gigabait huɗu, wadda filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce ta.

Idan bidiyo ya riga ya zo maka a HEVC, manhajar HandBrake, ita ma kyauta, tana juya shi. Buɗe fayil ɗin, zaɓi shirin da ake kira “Fast 720p30”, ka tabbatar kodek H.264 ne kuma mazubi MP4. Akwai lambar inganci da ake kira RF. Ƙarama tana ba da hoto mai kyau da fayil mai nauyi, babba tana ba da akasin haka, kuma tsakanin 20 da 23 ya ishi 720p. Ga na'urar da ta tsufa ƙwarai, akwai zaɓin “Fast Decode” da ke kashe wasu lissafai masu nauyi, fayil ya ɗan ƙara girma amma ya yi sauƙin buɗewa. Juyawar tana cin lokaci, tsohuwar laftof na iya kwashe awanni, don haka a yi ta lokacin da wuta ta zauna ko a kan na'urar da ta fi ƙarfi. A kuma juya daga asalin bidiyon, domin duk matsi yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Bidiyon da ya bi ta WhatsApp sau uku sannan aka sake matse shi, fuskokin mutane kan koma dishi-dishi.

YouTube da kyamarar waya

A YouTube ba kai kake zaɓar kodek ba. Shafin kan turo VP9 ko AV1 domin rage nauyin data, ko da laftof ɗinka ba ta da sashen warware su. Danna dama a kan bidiyon ka zaɓi “Stats for nerds”. In ka ga avc1, H.264 ne; vp09 da av01 su ne sauran biyun. Magani na farko shi ne rage inganci zuwa 480p ko 720p, wanda kuma yake tsimin data. Na biyu shi ne ɗan ƙarin burauza mai suna h264ify, wanda ke sa YouTube ya turo H.264.

Wayoyi ma sun shiga lissafin. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo a HEVC in ba a canza ba, shi ya sa bidiyon walima da aka ɗauka da ita kan ƙi buɗewa a kwamfutar gida. A saitin kyamara, ƙarƙashin “Formats”, zaɓin “Most Compatible” yana mayar da ita H.264. Wayoyin Android da dama ma suna da makunnin HEVC a saitin kyamararsu. Minti ɗaya na duba saiti kafin biki ya fi awa uku na juyawa bayansa.

In an gyara kodek amma ba ta daina ba

To sai a duba jikinta. Ƙurar hunturu tana taruwa a bayan fanka har ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar iska. Furosesa kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Alamar wannan ita ce bidiyo ya fara lafiya, bayan minti goma ya soma tsayawa. A kai ta a buɗe a share, a sake shafa man sanyaya furosesa, a daina ɗora ta a kan katifa. Haka idan an ɗauke wuta ta koma kan batiri, Windows kan rage mata ƙarfi domin tsimi, sai a duba saitin wuta. A VLC kuma a tabbatar an kunna zaɓin da ke miƙa aikin warwarewa ga sashen musamman, yana ƙarƙashin “Input / Codecs”.

Haƙƙin wanda za a aika wa

Ba cewa ake yi sababbin kodek ba su da amfani ba. Kuɗin data gaskiya ne, kuma ga mai sabuwar waya HEVC rahama ce, tunda wayarsa na warware shi ba tare da wahala ba, ga memorinsa zai ɗauki ninki biyu. Abin da ake nema shi ne mai yin bidiyo ya san wanda yake yi wa. Gwano ba ya jin warin jikinsa: mai tace bidiyo a kan sabuwar kwamfuta duk abin da ya fitar yana gudu a gabansa, ba zai taɓa sanin cewa a wata makarantar sakandare malamin kimiyya ya haɗa majigi, ɗalibai sun zauna, bidiyon gwajin ya ƙi motsi, darasin ranar ya tashi ba.

Saboda haka duk mai rarraba bidiyo ga jama'a, ko malamin jami'a ne, ko mai ɗaukar tafsirin azumi, ko ma'aikacin lafiya mai wayar da kai, ko mai shagon turi, ya ajiye kwafi biyu: asali mai cikakken inganci a ma'ajiyarsa, da na H.264 720p wanda zai miƙa wa mutane. Kafin ya raba, ya gwada shi a kan na'ura mafi tsufa da zai iya samu. Wahalar juyawa sau ɗaya ce, a kan mutum ɗaya. Wahalar kunnawa kuwa a kan kowane mai kallo take, duk lokacin da ya danna. Kuma duk laftof ɗin da aka cece ta daga hukuncin “ta tsufa” kuɗin sabuwa ne ya zauna a aljihun wani uba, ɗansa kuma ya ci gaba da karatu da wadda yake da ita.